Yadda ake shirya yawon yini ɗaya a gaɓar tekun Badagry da ɗan jagora na kanku

Mutanen Gombe da Bauchi suna yawan zuwa Legas, wasu fatauci, wasu biki, wasu raka ɗalibi ko ganin likita, kuma da yawa sukan dawo gida ba su ga teku ba sai ta tagar mota a kan gada. Wanda ya samu yini ɗaya rak a cikin tafiyarsa, Badagry ce ta fi cancantar wannan yinin. Tana yamma da Legas, kusa da iyakar Seme, kuma a wuri ɗaya za ku samu tafiya a jirgin ruwa, da tarihin da ya shafe mu kai tsaye, da bakin Tekun Atlantika. Sai dai yinin yana da saurin lalacewa idan ba a tsara shi ba. Abu uku ne ke ɓata shi: fita a makare, rashin gama magana da ɗan jagora tun kafin a tashi, da ɗaukar ruwan teku kamar na madatsar Dadin Kowa.

Zaɓen rana

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi dacewa, ruwan sama ya ɗauke, hanya ta bushe. Yuni da Yuli su ne tsakiyar daminar Legas, ana iya wuni ana sheƙa ruwa, igiyar teku kuma tana ƙara ƙarfi. Ƙarshen Disamba akwai cikowa da tsadar komai. Ga mai tafiya da iyali, Talata zuwa Alhamis sun fi Asabar da Lahadi, domin a ƙarshen mako wuraren shaƙatawa na bakin teku sukan cika da kiɗa da masu shaye-shaye, abin da ba kowane magidanci zai so ƴaƴansa su zauna a ciki ba. Idan ta mota kuka zo daga Arewa, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kada ku sa wannan yawo washegarin isowarku. Ku huta kwana ɗaya, ƙafa ta saki.

Ɗan jagora da direba

Da ɗan gari akan ci gari. Amma ku bambance mutum biyu: direban da zai ɗauke ku shata daga masaukinku, da ɗan jagoran da ya san Badagry ciki da bai. Ba kasafai mutum ɗaya ke iya aikin biyu ba. Direban Agege ko Mile 12 zai kai ku garin lafiya, amma da kun sauka shi ma baƙo ne kamar ku. Hanya mafi aminci ita ce ta wanda ya taɓa zuwa, ko ta ƴan uwanmu mazauna Ojo, waɗanda ke kan wannan titin kullum. Wanda kuka gani a Instagram ko Facebook kawai, ku kira shi ta bidiyo, ku nemi lambar wani da ya taɓa yi wa jagora, ku kira mutumin ku ji daga bakinsa.

Mutanen Badagry Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, kuma ƴan jagora galibi da Turanci, Yarbanci ko Turancin buroka suke bayani. Idan akwai dattawa ko mata a ayarin da ba sa jin waɗannan, ku ware mutum ɗaya ya zama tafinta, ku kuma sanar da ɗan jagoran tun farko cewa zai riƙa tsayawa bayan kowace jimla biyu ko uku. Wannan yana ƙara kusan rabin lokacin da za a ɗauka a kowane gidan tarihi, don haka a sa shi cikin lissafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ku gama ciniki a rubuce ta WhatsApp, abu-abu. Yawancin rigimar da ake yi da yamma daga kalma ɗaya take fitowa, wato “komai da komai”. Mai jagora yana nufin ladansa da mota, ku kuna nufin har abinci. Ku tambaye shi kai tsaye: “Malam, kuɗin nan da ka faɗa, har da man mota da kuɗin jirgi zuwa da dawowa, ko ladanka ne kawai?” Sannan ku bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin shiga kowane gidan tarihi daban ne, kuma kan kowane mutum ake karɓa, a tambaya ko yara suna biyan rabi. Wasu wuraren suna karɓar ƙarin kuɗi kan kyamara. Akwai kuɗin acaɓa a tsibirin Gberefu, inda ake tsallakawa a jirgi don isa bakin teku, ga wanda ba zai iya tafiyar ƙasa ba, da kuɗin ajiye mota, da abincin direba. A rubuta ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a juyo, da abin da za a ƙara idan an wuce lokaci. A rubuta abin da zai faru da kuɗinku idan ruwan sama ya hana fita ko mota ta lalace. Ku kuma sa shi ya tabbatar cewa wuraren da za ku shiga suna buɗe a ranar.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran sai an dawo da ku ƙofar masauki. Wanda ya nace sai an biya shi duka tun ba a haɗu ba, ku bar shi. Bayan jimillar da kuka lissafa, ku riƙe ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu a aljihu, tsabar kuɗi, ƴan 200 da 500 da 1,000. Masu jirgi da masu kwakwa ba su cika samun canji ba, tura kuɗi ta waya kuma yakan maƙale a bakin ruwa.

Wani abu da ake mantawa: wasu ƴan jagora suna da la'ada a wurin masu sayar da tsaraba da masu abinci, sai ku ga an tsayar da ku minti 40 a shagon da ba ku nema ba. Ku faɗa masa tun da safe cewa sayayya sai an gama komai, idan lokaci ya rage.

Mota kuma a dube ta da ido ranar jajiberi idan zai yiwu. Taya ta safaya mai iska, jak, na'urar sanyaya mota mai aiki, da takardu cikakku waɗanda ba su ƙare ba. Motar mutum 7 kada ta ɗauki 9. Ku ɗauki hoton lambar motar ku tura wa wani na gida da wanda kuka sauka a wurinsa.

Hanya

Ku yi Asuba ku fita, ƙarfe 6 ta same ku a kan titi. Daga Mile 2 zuwa Badagry wajen kilomita 60 ne, ta Festac, Trade Fair, Iyana Iba, Okokomaiko, Agbara. Idan hanya ta buɗe awa ɗaya da rabi ta isa, idan ta cushe awa uku ma ba ta kai ku ba. Amfanin sammako shi ne ku kuna fita daga gari a lokacin da jama'a ke tururuwar shiga, da yamma kuma akasin haka. Wanda ya tsaya karyawa har 8 zai haɗu da ƴan kasuwar Trade Fair da na Alaba, ya isa rana ta take.

Titin nan hanyar iyaka ce, saboda haka daga Agbara zuwa gaba akwai shingayen bincike na ƴan sanda, kwastan da jami'an shige da fice. Kowane baligi ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa, na ɗan ƙasa ko na zaɓe ko fasfo, ba hotonsa a waya kaɗai ba. Mai jin Hausa akan tambaye shi daga ina yake, domin maƙwabtanmu na Nijar ma suna bin hanyar. Amsa gajeriya cikin ladabi da miƙa kati suna gama maganar. A bar direba da ɗan jagora su yi bayani, kada mutum uku su riƙa magana lokaci ɗaya, kuma kada kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto a shinge. A dawowa kada ku yarda a saka muku buhun shinkafar waje ko kayan wani a but, ko da an ce araha ce ko taimako ne.

Tsarin wuraren da za a gani

Ƴan jagora da yawa sun saba fara wa baƙi da gidajen tarihi duka, sai wajen ƙarfe 1 a tsallaka tsibiri. Ta fuskar labari hakan ya yi daidai, amma yana jefa ku tafiyar yashi a tsakar rana. Abin da ya fi: ku shiga wuri ɗaya da safe, ku tsallaka tun da sauran sanyi, ku dawo ku ƙarasa sauran a inuwa.

Wurin farko ya zama gidan Seriki Williams Abass da ke titin Marina, kusa da inda ake shiga jirgi. Kurkukun ajiye bayi ne na ƙarni na 19. Mai gidan shi kansa an taɓa kama shi bawa, daga baya ya zama dillalin bayi, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa yana cikin gidan. Kalmar Seriki ɗin nan “sarki” ce tamu ta shiga bakin Yarbawa. Za a nuna muku ɗakunan da suka rage, ƙanana, masu ƴar taga ɗaya can sama, a ce muku mutum 40 ake cusawa a kowanne. Ku shiga ku tsaya minti ɗaya a ja ƙofa, za ku ji yadda numfashi ke yin nauyi da mutum biyar kacal. Akwai sarƙoƙin wuya da na ƙafa, har da ƙananan da aka ƙera don yara. A shirya wa ƴaƴa ƙanana zuciya kafin a shiga, wasu sukan tsorata.

Wannan tarihi bai yi nisa da mu ba. Daga tashoshin wannan gaɓa aka kwashi Hausawa da dama zuwa Bahia ta ƙasar Brazil, inda suka shirya tawaye a 1807, Musulmin can kuma suka yi babban boren 1835. A nan Badagry ne Turawan Birtaniya masu yawon bincike, Hugh Clapperton da Richard Lander, suka sauka a 1825 suka nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Clapperton ya rasu a can a 1827. Ku tambayi ɗan jagoranku waɗannan, daga amsarsa za ku gane ko ya karanta ko haddace labari kawai ya yi.

Bayan an dawo daga tsibiri sai gidan tarihin Badagry, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o na 1863, da gidan kayan tarihi na zuriyar Mobee, da benen ƴan mishan da aka gama a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther, ɗan Afirka na farko da ya zama bishop a cocin Anglika, ya zauna. Ana kiransa bene na farko a Nijeriya. Wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Kano ya san cewa abin da ake nufi shi ne na farko a irin ginin Turawa. Matakalarsa ta katako ce, tsohuwa, a hau mutum biyu-biyu. Minti 30 zuwa 40 ya isa kowane ɗaya daga cikin ukun, kuma idan yara sun gaji a ajiye ɗaya.

Tsallakawa zuwa Gberefu

Tsakanin garin da teku akwai wani dogon tafki, bayansa tsibirin Gberefu. Tsallakawar ƴan mintuna ce a kwale-kwale mai inji, kuma gajartar ce ke sa mutane sakaci. Kada kowa ya taka jirgin sai da rigar ceto a jikinsa, a ɗaure. Gwajinta mai sauƙi ne: a ɗaure maɗauran duka, wani ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama. Idan ta haura har kunne, ta yi yawa, a ruwa za ta zame ta kai. Rigar manya ba ta yi wa yaro, don haka ku faɗa wa ɗan jagora adadin yara da shekarunsu tun ranar ciniki. Rigar da soson cikinta ya lotse ko maɗaurinta ya tsinke a mayar a karɓo wata.

Ku ɗauki jirgin shata, ku kaɗai, ku ƙirga kujeru. Idan mai jirgi ya ce zai ƙara mutum biyu a hanya, a ce masa a'a. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna inda ya nuna domin nauyi yake rabawa, masu jiki a tsakiya. Ba a miƙewa tsaye don hoto, ba a taruwa gefe ɗaya don kallon wani abu, ba a sa hannu a bakin jirgi lokacin da zai jingina da gaɓa, yatsu suna matsewa. Mai babbar riga ya naɗe ta ko ya cire, mai dogon hijabi ta tattare shi ta sa rigar ceton a kai. Kuɗin dawowa a riƙe shi sai an dawo, a karɓi lambar mai jirgin, a yanka masa lokaci. Hukumomin ruwa sun hana tafiyar dare, ku dai ku kasance kun dawo tun kafin Azahar. Idan hadari ya haɗo ko iska ta taso, a jira.

Daga inda jirgi ya ajiye ku zuwa bakin teku tafiyar minti 20 zuwa 30 ce a ƙasa, hanyar da aka bi da bayi zuwa inda ake kira wurin da ba a dawowa. A tsakiya akwai wata rijiya da mutanen garin ke ruwaito cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Kallo ake yi, ba a sha. Inuwa kaɗan ce a hanyar. Takalmi mai maɗauri ya fi silifas, yashin kuwa daga ƙarfe 11 yana ƙona tafin ƙafa. Dattijo, mai ciki da mai ciwon gwiwa a ɗaukar musu acaɓa.

Ruwan teku

A nan ne ake asarar rai, kuma galibi matasa ne waɗanda suka iya iyo. Wanda ya saba wanka a Wikki ta Yankari, ruwa garau mai ɗumi kana ganin ƙasansa, ko ya yi iyo a gefen Gubi ko Dadin Kowa, bai san wannan ruwan ba. Gaɓar nan tana da gangara. Igiya takan fashe dab da ƙafarku, sannan ta koma da ƙarfi tana kwashe yashin da kuke tsaye a kai, sai mutum ya ji ƙasa tana zamewa. Bayan wasu ƙanana sai babba ta zo ta wuce inda sauran suka tsaya. Shi ya sa ba a juya wa ruwan baya, ko don hoto.

Mafi haɗari shi ne wurin da ya fi kama da lafiya. Idan kuka ga igiya tana fashewa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wani zirin ruwa mai duhu, kwance, kumfa ko shara tana bin sa zuwa ciki, to nan ne ruwan da igiya ta kawo yake komawa, kamar kwata. Yana jan mutum ya yi nisa cikin daƙiƙu. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya kwanta rigingine ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya, idan jan ya sassauta ya yi iyo gefe, a tsawon gaɓa, sannan ya biyo igiya ya fito. Na tudu kuma kada su faɗa ceto, haka ake rasa mutum biyu ko uku a gida ɗaya. A jefa masa abin da ke iyo, jarka rufaffiya, kula ko rigar ceto, a yi ihun kiran masuntan wurin, a kira 112.

Dokar da ta dace da ayarin da ya zo daga Arewa ita ce ruwa kada ya wuce idon sawu ga yara, kada ya kai gwiwa ga manya. Zani, doguwar riga da hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi, suna naɗe ƙafa. Kowane yaro a ba shi babba ɗaya da sunansa, a ce “Hajiya, Ummi a hannunki take”, “Kawu, kai ne da Abba”. Idan aka ce kowa ya sa ido, ba wanda ke sawa. Kaya da tabarma a ajiye su can sama da layin da yashi ya jiƙe, domin ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a kwana, wurin da yake busasshe yanzu bayan awa biyu yana iya zama ruwa.

Salla, ruwan sha da abinci

Lokutan salla a Badagry suna bayan na Gombe da Bauchi da kusan rabin awa, saboda tana can yamma. Kada a yi Azahar da agogon gida, a gyara wurin a manhajar waya ko a jira kiran sallar garin. Alƙibla a bakin teku: ku fuskanci ruwan, kudu ke nan, ku juya hagu har ruwan ya koma hannun damanku, sannan ku ƙara karkata kaɗan zuwa hagu wajen tudu. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, amma a ɗebo a buta a koma sama, kada a tsuguna inda igiya ke kaiwa.

Zafin Legas ba irin namu ba ne. A Gombe gumi yana bushewa, a can yana zama a jiki, mutum yana zubar da ruwa bai sani ba. A lissafa lita 3 ga kowane babba, lita ɗaya da rabi ga yaro, a raba biyu, rabi a mota rabi a tafi da shi tsibiri. A riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis guda 3 ko 4. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa wuya da fuska.

Guzurin da ke jure wannan yanayi shi ne kilishi, dambun nama, burodi, dabino da gyaɗa. Fura da nono da shinkafar da aka dafa tun Asuba suna lalacewa kafin Azahar idan ba a kula mai ƙanƙara suke ba. Badagry garin kwakwa ce, a sa a fasa muku ɗanya a gabanku ku sha ruwanta. Kifi a zaɓa ɗanye a ga an gasa. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya ɗanɗana kaɗan tukuna, wasu jikinsu yana kumbura ko numfashi ya toshe, kuma mai asma gara ya haƙura. A gidan abinci a tambayi irin naman da ke cikin miya kafin a zuba.

Idan bayan Azahar da abinci akwai sauran ƙarfi, ana iya ƙarasawa wurin shaƙatawa na bakin teku da ake kira Suntan, da ke kan hanyar Seme, a zauna ƙarƙashin rumfa awa ɗaya, da sanin cewa akwai ƙarin shingaye a wannan ɓangaren. Ko an je ko ba a je ba, ƙarfe 4 da rabi mota ta juyo, don a wuce Agbara da Okokomaiko da sauran haske. Kafin a shiga mota a ƙirga mutane da sunansu, a wanke ƙafa da ruwan daɗi, a goge waya da gilashin ido da ƙyalle mai ɗan laima domin gishirin iska yana cin su. Kayan da suka jiƙe a sa su a leda daban, a ɗauraye su a daren, in suka kwana da gishiri zif da maɓallan ƙarfe sukan yi tsatsa.